Mushtari Mai Yaji

A shekarun da nake koyar da Hausa a wata sakandare a Tsafe, gab da shiga shekara ta dubu biyu, malamin labarin ƙasa ya tono wani tsohon madubin hangen taurari a siton makaranta. Tun daga ranar bai zauna lafiya ba, mu ma bai bar mu ba. Burinsa ɗaya, ya ɗauki hoton Mushtari, duniyar nan mai ratsi-ratsi da jan tabo wadda yake nuna wa ɗalibai a littafi. Ni ke da kyamara, ni ke da babur, saboda haka ni ya kama.

Ran Asabar mukan tafi Kwatarkwashi, mu yi magariba a gindin dutse, mu kafa madubin. In ka sa ido, ga Mushtari nan sarai. In ka kanga kyamara a bakin madubin kuwa, sai abin da Allah ya yi.

Fim na farko, mai wankin hoto a Gusau ya miƙo mana abinmu ya ce, "Malam, duk ya ƙone, baƙi ƙirin." Na biyu ya fito da zane kamar tana a cikin laka, don hannuna na girgiza madubin in na danna. Malam ya yi dabara: ya toshe gaban madubin da hularsa, in danna, mu jira rawar ta lafa, sannan ya janye hular ya mayar. A na uku ɗigo fari ya fito, amma mai hoton, mutum ne mai tsafta, ya ɗauka ƙura ce, ya bi kowane hoto da baƙar tawada ya shafe. Malam ya kusa kuka.

A fim na huɗu ne na yi tsiyata. Saura hoto ɗaya, ina karin kumallo da masa, sai na lura da wata mai shatin suya a gadon baya. Na ɗora ta kan baƙin gyalen matata, na ɗiga mata yaji a gefe, na murɗa idon kyamara har ta yi dishi-dishi, na ɗauka.

Da hotuna suka dawo, Malam ya shigo ɗakin malamai da su a hannu. Ya tara kowa, har shugaban makaranta. "Ku dubi ratsin nan, guguwa ce. Wannan kuma jan tabon ne, ya fi duniyarmu girma!"

Hoto ya yi ta zagawa, ana ta mashaAllah, har ya isa hannun malamar koyar da girki. Ta gyara tabarau, ta juya shi, ta sake juyawa. "Malam," ta ce, "wagga duniya taka da man gyaɗa anka soya ta?"

Malam ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi inda nake. Ni kuwa na sunkuya ƙarƙashin tebur, wai ina neman alli, dariya na neman shaƙe ni.

Kwana goma, ban da sallama ba abin da ke haɗa mu. Sai ga shi wata Asabar da fara'arsa, ya ce ya huce, kuma ya gano matsalarmu: iskar ƙasa ba ta da tsabta, sai mun hau can saman dutsen Kwatarkwashi. Ya ce ƙugunsa na ciwo, sai ni na ɗauki madubin da sandunan kafa shi a ka, ina haki, ina zamewa, har muka kai inda garin ya koma kamar faifai. Na sauke, na zube.

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya tafa hannu.

"Kash! Ƙaramin gilashin da ake sa ido, na baro shi Tsafe."

Ya zauna kan dutse, ya ciro goro, ya ɓare, bai ko sam mini ba. Ni na sauko da kayan.