Malam Milimita

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana auna ruwan sama, kuma har ya tsufa 'yan unguwa ba su yarda aiki ba ne. A bayan ofishinsu akwai ɗan fili da aka kewaye da waya, a tsakiyarsa gwangwanin ƙarfe mai mazurari, da kwalba a ciki. Kullum ƙarfe tara na safe zai ciro kwalbar, ya juye abin da ta tara a gilashin awo, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da layin, ya rubuta. Ƙarshen wata ya liƙe takardar a ambulan ya aika hedkwata.

Malam Milimita suke ce masa. In an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai mai kantin layinmu ya ɗaga murya: "Malam, jiya nawa aka ba mu? Kada dai a tauye mana mudu!" Baba zai tsaya ya faɗa masa lambar har da ɗigonta, don shi bai san tsokana ba. A gida ma ba mu tsira ba. Tun ba mu iya ɗaura zani ba muka haddace karatunsa: rana ta kwashi ruwa a kogi, ya hau ya zama girgije, ya yi nauyi ya dawo. "Ruwa ba ya ɓata," in ji shi. "Wanda ba a rubuta ba, shi ne ya ɓata."

Shekara tara ke nan da Inna ta kwanta asibiti. Wata Laraba da safe ta kama hannun rigarsa.

"Malam, yau dai ka zauna."

"Minti arba'in ne, yanzu zan dawo."

Ya hau kekensa. Da ya dawo, mun riga mun rufe mata fuska. Ban yafe masa ba, kuma ban ɓoye ba. Duk ranar da na tayar da maganar, amsa ɗaya ce: a hedkwata ana jiran lambar nan, da ita ake gaya wa manoma lokacin shuka, da ita ake sanin tsayin gada.

Bara gwiwoyinsa suka gaza, ya ajiye aiki. Ambulan na ƙarshe ya ce in kai hedkwata da hannuna. Matar da na samu a ofishin ta juya shi gaba da baya.

"Ikon Allah! Har yanzu akwai mai aiko da wannan? Ai shekara goma sha huɗu ke nan da aka koma na'ura."

Ba wanda ya tuna ya rubuta wa Baba. Masinja ya kai ni sito, ya nuna mini kwalaye a jikin bango, rufin yana yoyo a kansu. Ga rubutun Baba nan a kan ambulan fiye da ɗari, ko ɗaya ba a buɗe ba. Na tona har na samo na watan da Inna ta rasu, na yage shi, na bi da yatsa zuwa Larabar. Sifili ne, an zana shi tsaf. Ko ɗigo ba a yi ba ran nan.

Na dawo kamar in haɗiyi zuciya, takardar tana cikin jakata. Shekara takwas ina neman abin da zan rufe masa baki da shi, ga shi na samu. Na tarar da shi a tabarma a ƙofar ɗaki, ya miƙe ƙafafun nan da suka kumbura, yana kallon gabas.

"Kin ba su hannu da hannu?"

"Na ba su, Baba."

"Me suka ce?"

Na dube shi, na bar takardar a jaka. "Sun ce duk cikin ma'aikatansu, naka ne kaɗai babu giɓi ko na kwana ɗaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kin gani ko? Da na zauna ran nan, da akwai."

Na ce masa bari in kwashe shanya, hadari ya taso.