Gwaggon Gwanjo, Mai Kwashe Kayan Waɗanda Suka Tafi

Kafin masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu, Gwaggon Gwanjo ta riga ta share gaban rumfarta, ta yayyafa ruwa, ta ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Sai ta kwance ƙullin jiya. Ɗaya bayan ɗaya take ɗago riguna, ta kaɗe, ta duba wuya da hammata, ta zura hannu a aljihu, sannan ta rataye. Inda maɓalli ya fita ta ɗinka wani, inda bakin riga ya warware ta kama shi da zare. Mai gugan da ke maƙwabtaka da ita yakan ce bai taɓa ganin mai lallaɓa tsohon kaya kamar jariri ba sai ita.

"Kai da ba ka san inda suka kwana ba," in ji ta, "ai dole ka yi dariya."

Ita ta san inda suka kwana, domin ita ke zuwa ta ɗauko su. Sauran 'yan gwanjo dila suke saye, wato babban ƙullin kayan da ake kawowa daga waje, ita kuwa gidaje take shiga. Mace ta yi ƙiba kaya sun matse ta, a kira Gwaggo. Kabad ya cika har ƙofarsa ta ƙi rufuwa, a kira Gwaggo, ta zauna a bakin gado tana tambaya, "Yaushe rabonki da sa wannan?" In aka ce mata, "Ai jira nake in rame," sai ta ce, "Ni ma jira nake haƙorana su sake tsirowa." A yi dariya, riga ta faɗa buhu.

Amma kiran da ya fi yawa ba na dariya ba ne. Idan an yi rashi, dangi suka watse, akan bar kabad ɗaya a kulle wanda babu mai ƙarfin zuciyar buɗewa. Nan ne ake tuna Gwaggo. Waɗanda suka ga aikinta sun ce ba ta taɓa kama hannun kabad ba sai ta yi masa sallama, ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa. Kuma tana da doka guda da ba ta karyawa: kayan mamaci ba ta rataye su a rumfarta. Mota take shiga da buhunta zuwa wata kasuwa mai nisa, ta shimfiɗa su a can. Ta ce tun tana sabuwar hannu ta ga wani dattijo ya bi wata baƙuwa tun daga bakin kasuwa har tashar mota yana kiran sunan matarsa, saboda mayafin marigayiyar da ya gani a kanta. Ba ita ta sayar da mayafin ba, amma daga ranar ta ce ba za a ga irin wannan ta hannunta ba.

Ƙarshen watan nan Gwaggo za ta sauke igiyarta. Ido ya yi rauni, zare ya daina shiga allura. Kafin ta tafi, ya kamata a ji abin da ya faru tsakaninta da wata tsohuwar nas, domin shaidu suna nan da ransu.

Wata rana ƙaramar 'yar nas ɗin ta zo rumfa, idanunta jajur. Ta ce benen da mahaifiyarta ke haya ya tsage, an ce kowa ya tashi, kuma kowa ya tashi sai Mama. Shekarun baya yayarta, babbar 'yar Mama, ta fita aiki da safe ba ta dawo ba. An duba asibitoci, an je wurin 'yan sanda, an bi tashoshi, ko takalminta ba a gani ba. Tun daga nan Mama ke gadin kabad ɗinta. Ta ce in 'yarta ta dawo, za ta tarar da kayanta inda ta bar su.

"Gwaggo, damina ta kusa," in ji 'yar. "Na yi kuka, na yi faɗa, na kawo 'yan uwanta sun yi mata magana. Kabad ɗin a jikin bango aka ƙera shi, ba ya ɗaukuwa. Ta ce muddin kayan na ciki, tana nan."

Da hantsi suka je. Matakalar benen shiru, ƙofofin maƙwabta a buɗe, ɗakunan fayau, sai ƙusoshi a bango inda aka cire hotuna. Tsagar ta taso tun daga ƙasa, ta bi matakala kamar jijiya, ta shiga ɗakin 'yar da ta ɓata. Gwaggo ta sa hannu a ciki, hannun ya shige har wuyansa.

Mama na zaune a kujera daura da kabad, tsaf da ita, hannuwanta a kan cinya. Suka gaisa. Ba su gama gaisuwar ba Gwaggo ta ji shi: ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin kabad, kamar hangogin rataye riguna na bugun katako. Tagogi a rufe suke. Babu fanka, an ma yanke wutar gidan.

"Ɓera ne," in ji 'yar da sauri.

Mama ba ta ko dube ta ba. Gwaggo take kallo. "Kin ji, ko?"

Daga baya Gwaggo ta ce gashin jikinta ya miƙe, zuciyarta ta ce mata ɗauki buhunki ki kama hanya. Amma ta san duk wanda ya shigo ɗakin nan kafin ita ya ce wa matar nan kunnenta ne.

"Na ji," ta ce.

Ta yi sallama, ta buɗe. Bugun ya tsaya. Kabad da ya shekara da shekaru a rufe warin kafur da gumi yake yi, wannan kowane ɗan gwanjo ya sani. Abin da ya fito daga wannan kabad kuwa, ƙamshin sabulu ne, sabo, kamar wani ya fito wanka yanzu ya wuce ta gabanta. Rigunan na rataye a jere, babu wadda ke motsi.

Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta jawo buhunta ta zauna a kansa kusa da ƙafafun Mama.

"Yaya," ta ce, don tana ganin matar ta girme ta, "ni ban san inda 'yarki take ba, kuma ba zan ce miki ta mutu ba. Amma in ta dawo, ba riga za ta fara nema ba. Ke za ta nema. In ta tarar bango ya danne ki, wa zai ce mata sannu da zuwa?"

Mama ta dubi rigunan. Can ta ce, "In na tashi, ina za ta same ni?"

"Mai shagon da ke tsallaken titi ya san ta?"

"Tun tana 'yar makaranta."

"To za mu gaya masa inda kika koma. Ni ma duk wanda ya tambaye ni zan nuna masa hanya. Kayan kuma ba ni zan cire su ba, ke za ki cire da hannunki. Wadda kika ce a bari, a bari."

Aikin da takan gama kafin azahar ya ci kwanaki. Kullum Gwaggo ta rufe rumfa ta hau wannan matakala. Mama ta sauke riga, ta faɗi inda aka saye ta da ranar da aka fara sa ta, ta ninke, ta miƙa. Wani lokaci suna cikin ninki bugun ya dawo daga ɓangaren da ba a kai ba, su biyun su yi kamar ba su ji ba. 'Yar kam a bakin ƙofa take tsayawa, ba ta shigowa.

Ta ƙarshe wata koriyar riga ce mai dogon hannu. Mama ta juya hannun hagu ta nuna wani ɗan faci daga ciki. Dutsen guga ne ya ƙona wurin, ita ta ɗinke mata, kuma ba wanda ya sani sai su biyu. Gwaggo ta ce ta riƙe wannan. Mama ta girgiza kai.

"In na riƙe ta, sabon kabad zan zauna gadi. Tafi da ita."

Washegari Mama ta koma gidan 'yarta. Ruwan sama na biyu da aka yi a daminar nan, bangon ya zube, kuma a kan ɗakin ya zube, daidai inda kujerar take.

Sauran kayan duk sun tafi a kasuwar nesa, koriyar ce kawai ta ƙi. Mata su ɗaga ta, su yaba, su ajiye ba tare da sun taya ba. Da Gwaggo ta gaji da kai ta da dawo da ita, sai ta rataye ta can ƙuryar rumfa, bayan labulen da ake gwada kaya, inda ba mai gani daga waje.

Ranar da abin ya faru rana na tsaka, kasuwa cike. Gwaggo na ɗinka maɓalli sai ta ji hayaniyar ta yi nisa, kamar an toshe mata kunne da auduga. Ta ɗaga kai. Wata doguwar mace na tsaye a gabanta, mayafi ya rufe mata rabin fuska.

"Gwaggo, koriyar rigar da ke bayan labule."

Ba ta tambaye ta yadda ta sani ba. Ta tashi ta ɗauko. Matar ba ta duba wuya ko tsawo ba. Kai tsaye ta juya hannun hagu, ta ɗora yatsa a kan facin, ta shafa. Sannan ta kara rigar a jikinta.

"Mama ta fita daga gidan?"

Gwaggo ta ce, "Ta fita."

"Alhamdu lillahi. Na yi ta ƙwanƙwasawa, ba ta gane ba."

Wata da ta ji wannan da ta zube. Gwaggo cafke wuyan hannun matar ta yi. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Duk da haka ba ta saki ba.

"'Yar nan, uwarki na nan da ranta, tana jiranki. Zo in kai ki yanzu."

Ta juya ta ƙwala wa mai guga kira ya duba mata rumfa. Juyawar ke nan. Da ta waiwayo, hannunta a dunƙule yake babu komai a ciki, hanga kuma na lilo a kan igiya. Mai guga ya rantse ya ga bayan wata mace a tsaye, ya ga koren abu a hannunta, amma bai iya cewa gabas ta yi ko yamma ba. Gwaggo ta bi layin kasuwa kaf, ta je tasha, ta tambayi masu faci da masu dako. Babu wanda ya gan ta.

Mai guga ya ba ta shawara ta bar maganar a cikinta, kada ta tada wa tsohuwa ciwo. Ta ce amana ce, ba tata ba ce da za ta ɓoye. Da la'asar ta je, ta zauna gaban Mama da 'yarta, ta faɗi abin da ta gani da abin da ta ji, ba ragi ba ƙari. Ta ce ba ta san ko mutum ta gani ko wani abu ba, Allah ne masani.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ta rame?"

"Ba ta rame ba."

"Rigar ta yi mata?"

"Kamar jiya aka auna ta."

Mama ta gyaɗa kai, ta juya ga 'yarta ta ce a zubo mata abinci. 'Yar ta ce rabon da ta ji mahaifiyarta ta nemi abinci da bakinta, tun ranar da yayarta ta fita.

Gwaggo, ke ce mai shiga ɗakin da 'yan gida ke tsoro. Ke ce kika ji abin da kika ji, ba ki gudu ba kuma ba ki ƙaryata mai baƙin ciki ba. Mutane na wucewa ta gaban rumfarki suna cewa mai tsumma ce. Ba su san gidaje nawa kika sauke wa kaya daga ƙirji ba, ba su san akwai tsohuwar da ke shan iska yau a tsakar gidan 'yarta saboda kin yarda ki zauna a kan buhu ki saurare ta. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idonki haske, ya ba ki hutun da kika ba wasu.

Mu kuma da muka rage, akwai abin koyi. In maƙwabcinka ya kasa buɗe ƙofar wani ɗaki, kada ka tsaya daga waje kana ce masa ya yi haƙuri, shiga ka zauna tare da shi. Kuma kowa ya duba nasa kabad tun hannunsa na iya kaiwa. Abin da ba ka sawa, wani na can yana buƙata: sayar, ko ka bayar.

Makon jiya mai guga ya kai mata saƙo gida, ya tarar da nata kabad a buɗe. Riguna 'yan kaɗan ne a ciki, sauran wurin fili. Ya ce, "Gwaggo, ɓarayi ne suka shigo?"

Ta yi dariya. "Ni na kwashe. Na san nauyin aikin nan, ɗana. Ba zan bar wa kowa nawa ba."