Sauran Furar Malam

Shekara goma sha ɗaya ni nake shan sauran furar Malam. Duk wanda ya taɓa zama a zaurensa a Bodinga ya san yadda abin yake. Bayan la'asar a kawo masa fura a ƙwarya, ya kurɓa kaɗan, ya miƙa wa ɗalibin da ya fi yarda da shi don ya samu albarka. Ba a faɗa da baki, amma kowa ya san wanda ake miƙa wa ƙwaryar nan shi zai hau buzun Malam in ta Allah ta kasance. Hannuna har ya saba, da kansa yake tashi.

Akwai ɗan ƙanin babana, tela ne a kasuwar Shagari, mai keken surfani irin wanda kwamfuta ke sarrafawa. Karatunsa bai wuce na alwala da salla ba, shi ɗin ma ni na koya masa. Ran Alhamis yakan hau babur ya zo ya raɓe a bakin ƙofa, wajen takalma. Wata Alhamis sai ya yi gyaran murya.

"Allah shi gafarta Malam, wata magana nij ji cikin waya. Wasu masana sun ce duniyag ga duk awa wasan kwamfuta take. Wai wani yat tsara ta daga waje, mu ko muna ciki ba mu sani ba. Nic ce to, ashe sun gano akwai Mahalicci ke nan?"

Na ce, "Kai, rufa mana baki! Wasan yara za ka kawo gaban Malam?"

Malam ya ɗaga mini hannu. "Bar shi. Matso nan, tela. Mi kaka nufi?"

Matso nan! Ni sai da na shekara uku wajen takalman nan kafin a ce mini haka. Tela ya tsallake manya ya durƙusa daf da buzu, ya shiga bayani da kekensa. Wai ana zana aikin wuyan riga a kwamfuta, keke ya yi ta ɗinkawa, zare na bin zanen da bai san da shi ba. Malam sai gyaɗa kai yake yana murmushi, irin murmushin da ban taɓa samu ba ko ranar da na sauke littafi. Ya miƙo mini ƙwarya a ranar, amma ko kallona bai yi ba. Na shanye na ajiye.

Mako guda na yi ina tonon littattafan tauhidi. Na cika takarda uku. Mai kwamfuta yana buƙatar wuta, yana buƙatar ɗaki, yana gajiya, kuma mabuƙaci ba ya zama Ubangiji. Sannan shi wa ya tsara shi? In wani ne, wancan fa? Hujja ce mai kyau, har yau ina kanta. Amma tsakani da Allah ba don kare tauhidi na yi ba. So nake in ga tela ya koma wajen takalma.

Alhamis ta zagayo, takardu na aljihuna. A zauren Malam ƙanana ke fara magana, babba shi ke rufewa. Na ce bari in bar tela ya gama zuba, in ya so in yanka masa guda ɗaya a gaban kowa. Ashe kaina na yi wa.

Tela ya ce, "Malam, na janye maganata. Shekaranjiya anka ɗauke wuta, keke yat tsaya, ni da nit tsara aikin niz zauna ina hamma. Nic ce ashe mai kwamfuta ma bawa na, sai an ba shi. Maganarsu ta nuna dai abu ba ya tsara kainai, amma ba ta kai ga Allah ba. Ga wani tela babba tat tsaya."

Zaure ya ɗauki dariya. Malam har da share hawaye, yana cewa, "Ma sha Allah! Abin da muka karantawa shekara da shekaru, ga shi keke ya karantar da kai." Ya juyo gare ni. "Ko kana da ƙari?"

Wane ƙari? Ya cinye mini takarda uku da ɗaukewar wuta guda. Na ce babu.

Aka kawo fura. Malam ya kurɓa, hannuna ya tashi kamar kullum, ƙwarya ta wuce ta gabana zuwa wajen tela. Kowa ya gani. Na rasa inda zan kai hannun, sai na shiga gyara hula.

Tela ya rikice. Ya sha kurɓi ɗaya, ya rarrafo ya miƙo mini da hannu biyu, kansa a ƙasa. "Yaya, ga ta. Taka ta."

Da gori ya yi mini, da na san abin yi. Na karɓa, ba a mayar da albarkar Malam. Na shanye sauran tela a gaban jama'a, har da cewa na gode. Daga baya Malam ya rasu, tela bai taɓa neman buzu ba, ni nake kansa yanzu. Amma duk la'asar da aka ajiye mini ƙwarya, sai na tuna daga hannun wa ta iso gare ni.