Kutsen da Ya Raba Ni da Makka

A unguwar Tandabawi aka haife ni, cikin Makka. Kakana ya zo Hajji daga Sakkwato bai koma ba, amma ba mu taɓa zama 'yan ƙasa ba. Da iƙama, wato takardar izinin zama, muke zaune, fasfona kuma na Najeriya ne, ƙasar da ban taɓa gani ba. Gyaran waya da kwamfuta nake yi a wani shago a Kudai, kuma ana yabon hannuna.

Alhazai kan miƙo min waya har da lambar sirri, ba sa shakkar komai. Da farko leƙa saƙonninsu kawai nake yi, don in ji daɗin na iya. Wata rana wani mai yawan zuwa shagon, Abu Faisal, ya lura da ni. Ya ce, "Ya habibi, wannan kan naka ya fi ƙarfin shago." Ya nemi in kutsa imel ɗin wani kamfanin jigilar alhazai a wata ƙasar Turai, in canza asusun da ake biya, kuɗin maniyyata su koma wajensa. Na yi. Na ce wa raina ai kamfani ne, ba mutum ba.

Ina cikin aiki aka zo shago aka kama ni. Abu Faisal ya ɓace. Ƙasar can ta nemi a miƙa mata ni. Na ce wa lauyana, "Ya ustaz, ai nan aka haife ni." Ya ce, "Haihuwa ba takarda ba ce. Baƙo ne kai, kuma za a miƙa ka."

Ummi, mahaifiyata, ta zo ganina kafin tafiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya waladi, baƙin Allah ka cuta?" Na kasa ɗaga kai.

A kotun can aka kawo wani tsoho mai sanda, ɗaya daga cikin waɗanda na hana zuwa Hajji. Ya ce wa tafinta, "Ba ƙara na zo yi ba. An ce a Makka yake zaune, shi ne na zo in ga fuskarsa." Ya daɗe yana kallona.

Na yi shekaru a kurkuku, ba mai jin Hausa, sanyi har cikin ƙashi. A can ƙanwata ta gaya min a waya cewa Ummi ta rasu, an sallace ta a Harami.

Da na gama zaman, ba gida aka mayar da ni ba. Najeriya aka kawo ni, an kuma haramta min shiga Saudiyya. Yanzu ina Sakkwato wajen dangin da ban sani ba, suna dariyar Hausata. Na tuba, amma tuba ba ta buɗe min hanya ba.

Ku matasa masu hannu a kan kwamfuta, kada ku ce kuna ɗaki ba mai ganinku, ko ƙasar da nisa. Kada ku leƙa abin da ba naku ba, ko da wasa. Ni yau duk sallar da zan yi gidanmu nake fuskanta, kuma ba zan ƙara taka shi ba.