Hular Ƙarfen Kawu

Kawuna mai walda bai taɓa yarda da roba ba. Ranar da ya sayi babur ɗinsa na farko, ya ƙwanƙwasa hular kwanon da dillali ya miƙo.

"Wannan ai bokitin wanka ne!"

Ya ƙera tasa da ƙarfe zalla, ko soso babu a ciki.

Innarmu ta ce, "Yaya, tukunya za ka kifa a ka?"

A kwanar kasuwa ya murɗa totur maimakon birki, ya daki bayan tifa. Bakin ƙarfen ya datse kunnensa na dama, haƙora suka watse a kwalta. Sai da makanikai suka tsaga hular, jini na bulbula, kansa ya fito.

Ya rayu. Amma in za ka gaishe shi, zagayo ta hagu.