Ajiyar da Na Bar wa Baturiya a Tashar Ƙarƙashin Ƙasa

Soundview, 5:40 na asuba

Da sauran duhu muka fito ni da Gwaggo Rabi. Wata huɗu ke nan da zuwana New York, kuma ranar za ta fara aikena nesa ni kaɗai. Ku na Kano kun san ni, ko Sabon Gari ba na zuwa sai da rakiya. Jirgin ƙasa mai lamba shida muka hau, minti ashirin da biyar sai Harlem.

Shagon Gwaggo, titi na 116, 6:30

Gwaggo tela ce. Aiken kuwa riga ce ta wata mawaƙiya 'yar shekara ashirin da uku, wadda Gwaggo ke kira Mai Jita. Uwarta 'yar Filifin ce mai aikin jinya, ubanta Baturen Ingila direban bas. A da a gidan burodi take aiki, in ta tashi sai ta kulle ɗaki ta rubuta waƙa ta kaɗa abinta, ba kamfani ba ubangida, har mutane suka fara ji. Ranar za ta yi wasanta na farko a Amurka, ƙarfe sha biyu, a wani lambu a Brooklyn.

Rigar ta kakarta ce da ta rasu bara, da zaren ganyen abarba aka saƙa ta, shara-shara. A hammata ta yage, Gwaggo ta yi kwana uku tana ɗinkewa da hannu. Ta goge ta, ta naɗe a takarda, ta sa a jakar gana-masgo.

"Zainabu, buɗe kunnenki. In rigar nan ta ɓata, ba a sayar da kaka a kasuwa."

Na sha shayin 'yan Senegal kofi biyu, na kama hanya.

Tashar canjin jirgi, 8:10

A nan shayin ya nemi hanyarsa. Shiga banɗaki da rigar mamaciya? A'a. Sai ga wata dattijuwar Baturiya a benci. Na yi abin da kowannenmu zai yi a tashar mota: na gaishe ta, na ajiye jakar gefenta, na ce ta duba min, ina zuwa. Ta gyaɗa kai har sau biyu. Ashe abin sauraron waƙa ne a kunnenta, kiɗa take gyaɗa wa.

Minti goma sha biyu na yi. Na dawo babu Baturiya. An kewaye bencin da igiya ruwan ɗorawa, an kore mutane baya, 'yan sanda uku, da kare kamar ɗan maraƙi yana shinshina jakata. Ashe a nan jakar da aka bari ba mai ita, bam ake zato. Turancin sakandare duk ya gudu, ba abin da ke fita sai "Wallahi riga ce, wallahi riga ce!"

Wata mata mai kayan masu kula da tsofaffi ta ratso taron. Hausar Gana ce a bakinta.

"Ƙanwa, wa ka bar ma kaya? Nan ba tashar Nima ta Gana ba ne fa!"

Ita ta yi musu bayani. Suka duba katina, suka zuge jakar. Da ɗayan ya kai hannu zai zazzage rigar, ban san sanda Turancin ya dawo ba. Na daka masa tsawa: a hankali, ta kakar mutane ce! Ni, Zainabu, da ɗan sanda mai bindiga. Ya dube ni, ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya mayar. Aka yi min faɗa na minti biyar, wanda na cancanta, aka sallame ni.

Brooklyn, 9:50

Mai Jita 'yar ƙarama ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ina miƙa jakar na fashe da kuka, na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce uwarta ma da haka za ta yi. Sannan ta warware rigar tana neman ɗinkin. Ta juya, ta juya, ba ta gan shi ba. Sai ta sa fuskarta a ciki ta daɗe.

Ta hana ni tafiya sai da na ci shinkafa da tafarnuwa da soyayyen ƙwai, wai a gidansu ɗan aike ba ya komawa da yunwa. Na tsaya na ga waƙa uku. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta, hannayen rigar a tsaye kamar fukafukai. Ɗinkin Gwaggo bai motsa ba.

Gida, 6:15 na yamma

Labari ya riga ni. 'Yar Ganar nan ashe a titi na 116 take sayen daddawa. Ina shiga Gwaggo ta miƙe ta sara min.

"Sannu da zuwa, Kwamishina. Kare dai ya gaishe ki?"

Na gode Allah da Ya dawo da ni lafiya. Yaya 'yar Gana, ko sunanki ban tambaya ba don ruɗewa. Allah Ya tsaya miki ranar da bakinki ya kasa.