Baba Ishaya da Jikokin da Ba a Haifa Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Sabon Gari ya san ba a shan koko da zafi. Kafin kowa ya taɓa ludayi sai surukina, Baba Ishaya, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, kuma ba wurin labari mai daɗi yake buɗewa ba. Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Nan kaɗai. In ya kai ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Kun gani? Allah bai yar da ko ɗaya ba." Lokacin koko ya daɗe da yin sanyi.

Ku da kuka je bikin ɗan shugaban mawaƙa kun tuna. Aka yi kuskure aka ba shi karatu. Amarya na zufa, shinkafa na hucewa, Baba ya faro daga Adamu yana gangarowa a hankali. Fasto ya matso ya raɗa masa, "Baba, a ɗan tsallake."

"To, ranka ya daɗe. Zo ka nuna mini wanda Allah ya tsallake, sai in bi sahu." A bakin lasifika ya faɗa. Fasto ya koma ya zauna.

Abin nasa bai tsaya kan matattu ba. Har waɗanda ba a haifa ba yana yi musu addu'a, kowa da sunansa, muryarsa har bakin titi. Wata rana ƙawata Alhaja Sikira, mai sayar da atamfa a Fagge, ta zo duba ni, ta ji yana roƙon Allah ya raba Obida da ciwon kunne da abokan banza. Washegari sai ga ta da turmin atamfa da sabulu.

"Maman Rifkatu, ashe haihuwa aka yi kika ɓoye mini?"

Baba ya riga ni. "Alhaja, ga kakarsa Rifkatu can tana wanke-wanke, aji uku take a firamare." Ya miƙa hannu ya karɓi kayan. "Amma a bar shi, kayanki ba sa koɗewa."

Mun yi dariya, amma gidan raguwa yake yi. 'Ya'yansa maza uku, duk shi ya binne su. Na fari hatsari a hanyar Zariya, na biyu ciwo, kuma ba wanda ya bar baya. Na ƙarshe mijina, Yohanna. 'Yata Rifkatu kaɗai ta rage.

Lokacin na fara zuwa ajin manya na zumuntar mata, da furfurata nake haɗa baƙi. Bayan mun dawo daga jana'izar Yohanna, gari ya waye, Baba ya buɗe Littafi kamar kullum. Na sa hannu na rufe.

"Baba, ya isa. Wane ya haifi wane, kai wa ya rage maka?"

Bai yi fushi ba. Ya sake buɗewa, ya turo mini, ya ɗora yatsa kan sunayen mutanen da aka haifa bayan an kwashe iyayensu bauta. Na yi ta tuntuɓe da su.

Ya tambaye ni, "Me wannan ya yi?"

"Ba a faɗa ba."

"Na ƙasansa fa?"

"Shi ma haka."

"Ƙasarsu ta tafi, kuma ba wanda ya san su wa suka binne. Amma ga su a layi."

Na ce, "Wannan ba amsa ba ce."

"Ban ce amsa ce ba, 'yar nan. Ita kaɗai gare ni."

Rifkatu ta yi aure, ciki biyu suka zube. Ga na uku yanzu, likita ya ce ta kwanta kada ta ɗaga ko bokiti. Na hana kowa maganarsa a gidan. Ko hular jariri ban saya ba, na gaji da naɗe kaya in mayar cikin akwati.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, ina ba shi kunu ya kama bakin zanena.

"In ya zo, sunansa Zarubabel."

Na ajiye kofin. "Jikana? Baba, ka ji tsoron Allah. Yaro ya shiga makaranta malami ya kasa rubutawa, yara su mai da shi abin waƙa? Muddin ina numfashi ba wanda zai kira shi da wannan suna."

Ya yi murmushi da sauran haƙoransa. "To, kin dai yarda zai je makaranta ke nan."

Na ɗauki kofin na ci gaba da ba shi kunu. Wannan ce rigimarmu ta ƙarshe, kuma shi ya ci.

Rifkatu na kwance har yau, watanta bai kama ba. Ya Ubangiji, ka ba bawanka Ishaya hutu. Ni ban kai shi bangaskiya ba, ka sani, ba sai na ɓoye maka ba. Ka riƙe mini yarinyar nan da abin da ke cikinta, ka sauke ta lafiya. Sunan kuwa, ka kawo shi da rai tukuna, ma yi magana. Amin.